Rabin Ƙwayar Hasiya Mai Cuku

Idan ka shiga Kalfu daga hanyar Tawa ka tambayi gidan mai cuku, ba wanda zai ce maka wacce. Za a nuna maka wani gida mai darnin kara, da rumfa a tsakar gida an shanya cuku fari fat a kanta. Gidan kakata ne, Hasiya, wadda ta haifi mahaifiyata. Ni sunana Sadiƙu, kabu-kabu nake yi a Tawa, kuma a cikin jikokinta kaf ni ta zaɓa ta mayar miji. Tun ina rarrafe take ce mini maigida, ni kuma ina ce mata amarya, har yau da haƙoranta suka kusa ƙarewa ba mu fasa ba. Wannan wasan ne ya ba ni bakin faɗa mata abin da 'ya'yan cikinta ba su isa su faɗa ba, shi ne kuma ya sa duk wani saƙo mai ɗaci a danginmu ni ake ɗora wa.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Takanamat, inda gonar mahaifinta ta yi iyaka da zangon Buzaye. A wurin wata tsohuwar Buzuwa ta koyi cuku tun tana yarinya: yadda ake sa madara ta kama tun da ɗuminta, yadda ake shimfiɗa ta siririya a kan 'yar tabarmar kara, a matse ruwan, a bar wa rana sauran aikin. Da wannan sana'a a hannu aka kawo ta Kalfu gidan kakana Sabo. Shi kuwa Sabo, Allah ya jiƙansa, mutumin Adar ne na sosai. Da an gama girbi ya ɗaure jaka sai Abijan, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa, wata shekarar ma hadarin ya haɗu ya zuba ya wuce ba shi. Cuku ne ya riƙe gidan. Shi ya ciyar da 'ya'ya mata huɗu da autansu Tanko, shi ya yi wa matan kayan ɗaki. Da Sabo ya rasu aka ce ta koma wurin danginta ko wurin ɗaya daga cikin 'ya'yanta, ta ce akuyoyinta ba su san wani turke ba, aka bar maganar.

Kada ka ɗauka labarin tsohuwa mai sakin hannu zan ba ka. Amaryata marowaciya ce, kuma na sha faɗa mata a gaban mutane. Ba ta san gyara ba. Ko faifai guda ka kwashe mata ba za ta ƙara maka gutsure ba, in ka nemi ɗanɗano kuma ta ce ai bakinka ya san cuku tun bara. Mutum guda tak a duniya bai taɓa ganin wannan rowa ba, ita ce Hajaratu, maƙwabciyarta ta bayan darni.

Ƙawance suka ƙulla tun suna amare, irin na da, wanda ake aika goro da lalle da sanin manyan mata, daga ranar kuma a daina kiran juna da suna, sai dai ƙawa. Amma abin da ya ɗaure su da gaske shi ne farin nan da ya share dabbobin Adar lokacin mahaifiyata tana budurwa. Maza duk sun watse neman abinci, rumbuna ba ko zangarniya, Tanko yana goye, nonon uwarsa ya ƙafe. A unguwar gaba ɗaya akuya guda ta rage da rai, ta Hajaratu. Kowace safiya sai ta tatsi ɗan abin da ya samu, ta raba biyu, ta miƙo rabi ta saman darni. Tun daga lokacin ba abin da ya sake shiga bakin Hasiya cikakke. Goro ta fasa shi biyu. Naman layya, sukarin da Tanko ke aikowa daga Abijan, har alawar da jika zai ba ta don tsokana, sai an raba. Wurin da suke miƙa wa juna kaya ya lotsa ya zama 'yar taga, kuma duk shekarar da aka sabunta darnin sai an bar ta yadda take. Mun taso mun tarar da haka, har idonmu ya daina gani.

Ita Hajaratu duniya ba ta bar mata kowa kusa ba. Mijinta ya rasu, 'yarta tana aure can Agadas, ɗanta ya bi hanyar Libiya shekaru da yawa ba labari. Faifai take saƙawa, da 'yan tabarmin da ƙawarta ke shanya cuku a kai.

'Yan shekarun baya ciwo ya zo wa Hasiya. Ta sunkuya za ta kwance akuya, jiri ya kwashe ta, ta faɗi a turke. Muka kawo ta Tawa. Likita ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, kuma maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha a gama, shan sa za ta yi iyakar ranta. Ya rubuta mata ordonansi, wato takardar sayen magani, ƙwaya guda kowace safiya. Aka raba aiki. Kawu Tanko, da ke sayar da takalma a Abijan, zai riƙa aiko da kuɗi. Ni in karɓa in sayo magani a farmasi in kai Kalfu a kan moto, wato babur ɗina. Mahaifiyata Salamatu kuma, idan ta je gaisuwa, ta leƙa ta ga ana sha.

Ana sha kuwa. Duk ƙarshen wata katin maganin ba ko ƙwaya guda da ta rage, bai kuma taɓa ƙarewa kafin lokacinsa ba. Ni nake goyo ta zuwa awo, ta riƙe ni da hannu biyu tana zagin tuƙina tun daga Kalfu har Tawa, wai ko jaki ya fi ni sanin rami. Amma da aka auna, jinin ya ɗan sauka ne kawai ya tsaya. Likita ya tambaye ta ko tana sha kullum, ta ce kullum. Ya tambaye ta gishiri da kanwa, ta ce ta rage. Mutumin nan ya yi abin da kowane likita zai yi, ya ƙara ƙarfin maganin. Muka dawo, jini yana nan. Ya haɗa mata da na biyu. Da aka sake komawa ya ƙara na uku, wani mai kwali mai sheƙi da nake shan wahala kafin in samo shi a gari. Ranar da na fara jin kuɗinsa sai da na ce wa mai sayarwa ba moto na zo saye ba.

Daga nan magani ya fara cin akuyoyi. Abin da Kawu ke aikowa ya daina kaiwa, na fara cikawa da kuɗin esansi, wato man moto, wata rana in wuni ina yawo a rana in dawo in tarar duk abin da na samu na kwali mai sheƙi ne. Aka sayar da akuya guda, aka sake sayar da wata. Akuyoyin nan kuwa su ne cukun, kuma ban san wata Hasiya da ba ta cuku ba. Shawara ba irin wadda ban sha ba a bakin tasha. Wani ya ce in sayi na masu tallan magani a faranti, wanda rana ke gasawa tun safe. Mahaifiyata ta ce in na kawo shi gidanta ni za ta fara ɗura wa. Wani ya ce a riƙa sha yau a huta gobe. Wani ya rantse mini da tafarnuwa da zoɓo. Na yi yawon farmasi-farmasi ina tambayar farashi har masu gadi suka gane ƙarar motona, duk da haka ɗan abin da na rage bai taka kara ya karya ba.

Ƙarshe dai 'ya'yanta suka yanke shawara a salula, Kawu daga Abijan, mahaifiyata da ƙannenta daga nan. Suka ce tsufa ne: ko tana cin gishiri a ɓoye, ko wahalar akuyoyi ce ke tayar mata da jini. Saboda haka a sayar da sauran akuyoyin, a sayi maganin watanni da kuɗin, a ɗauko ta a dawo da ita Tawa, mahaifiyata ta riƙa ba ta ƙwayoyin da hannunta tana kallo. Har aka share ɗakin da ke kusa da zaure a gidanmu aka yi masa sabon daɓe. Mahaifiyata 'yar fari ce, tsakaninta da uwarta akwai kunya, ko sunanta Hasiya ba ta faɗa, sai dai ta ce waccan. Don haka ka san wanda aka aika.

Na tarar da ita tana juya cuku a rumfa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce amarya lokaci ya yi da za ki tare a gidan mijinki, birni ga lantarki ga famfo. Ba ta yi dariya ba. A nan na san abin ya yi nauyi, don ba ta taɓa barin tsokanata ta faɗi ƙasa ba.

"Maigida," ta ce, ba ta ɗago ba, "in za ku ɗauke ni daga gidan ga, ku biya kasuwa ku sayi likkahwani, ku huta da tahiya biyu."

"Lahiyarki muke biɗa, Kaka."

"Na jiya. Wa za ya kula da ƙawa?"

Na ce ai Inna Hajara tana da Allah, tana da maƙwabta. Ta yi mini irin kallon da take yi wa mai neman gyara, ta ci gaba da aikinta. Ba ta ce ba za ta je ba, don ta san akuyoyin sun kusa ƙarewa kuma ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Na koma Tawa raina a jagule. Na san idan aka raba tsohuwar nan da turkenta da darninta, jininta na iya sauka, amma ba za mu daɗe da ita ba.

Lahadi ce kasuwar Tawa, don haka aka sa Lahadi a kai akuyoyin. Kullum da la'asar nake zuwa Kalfu, bayan na gama da masu hawa na safe, amma ran nan dole na yi sammako don in riski motar 'yan kasuwa. Tun da aka fara maganin ban taɓa ganin safiyar gidan nan ba, mahaifiyata ma da rana take zuwa. Na iso rana ta ɗan fito, Hasiya ta gama tatsa, ta ce in jira ta sha magani tukuna. Ta jawo kujerarta gindin darni, daidai 'yar tagar nan, ta kwance bakin zane ta fito da katunan. Ta ɓallo ƙwaya ta farko, ta ɗora a kan murfin kwano, ta sa 'yar wuƙar da take fasa goro, ƙas, ta raba ta biyu. Ta yi wa ta biyu haka. Ta ɓallo ta kwali mai sheƙi, wadda nake wuni a rana dominta, ita ma ƙas. Ta kwashe rabi uku a tafin hannunta, ta ɗaga murfin da sauran.

"Ƙawa, kin tashi lahiya? Ga naki."

Wani siririn hannu ya ɓullo ta taga ya karɓa.

Ba ɓoyewa ta yi ba. A gabana aka yi, hankali kwance, yadda ake miƙa garwashin wuta. Na nemi turmi na zauna.

"Amarya, mi nig gani haka?"

"Magani muke sha."

"Tun yaushe kuke shan shi ku biyu?"

"Tun randa kak kawo shi. Ita ma jirin ga na ɗibar ta, kanta na sara awa nau. In sha magani ƙawa na kwance?"

"To don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni?"

Gaskiyarta, ba wanda ya tambaye ta. Likita bai san darnin ba, mu da muka san shi kuma mun san rowarta, ko a mafarki ba mu kawo cewa abu mai tsada haka zai bar hannunta ba. Dariya ta taso mini tare da takaici, takaicin ya riga fita. Na ce, da muryar da nake kiran masu hawa a tasha, ashe akuyoyin da muke ta sayarwa ta tagar nan suke ficewa rabi-rabi, ashe shi ya sa jininta ya ƙi sauka har za a raba ta da gidanta. Darnin kara ba ya tare magana.

Hajaratu ba ta san komai ba. A ganinta maganin nan cikin tsarabar Abijan yake, tare da sukari da ganyen shayi, akuyoyin kuma ƙawarta ta ce mata tsufa suka yi. Murfin kwanon ya dawo ta taga da rabin ƙwayoyinsa uku, sa'an nan aka jawo tsohuwar tabarma aka toshe tagar daga can ciki. Tun da nake ban taɓa ganin wurin nan a rufe ba. Hasiya ta dubi tabarmar, ta dubi nata rabin da ke hannunta, ta mayar da su cikin ƙullin zane ta ɗaure. Ta ce tun da haka ne ita ma ta gama shan magani.

Motar 'yan kasuwa ta jira a bakin hanya har ta gaji ta tafi ba mu. Na kira Kawu Tanko na zayyana masa. Ya hau faɗa, wai shi yana can yana kwana a shago yana ƙin cin abin kirki, ashe unguwa guda yake saya wa magani. Maganarsa na fitowa har inda take zaune. Ta miƙo hannu, na ba ta salular.

"Tanko," ta ce, "shekarar da bisashe sunka mutu, kana goye, ba ni da ko ɗigon nono. Akuyar wa kash sha?"

Ta ɗora da cewa:

"Rabi kai, rabi ɗanta. Shi ɗan nata hanya ta cinye shi, kai kana Abijan kana saida takalmi. Ni ban iya haɗiye abu tana nan bayan darni ba ta samu ba. In ka ga ɓarna ta, bar aikowa."

Ta miƙo mini salular. Ina jin numfashin Kawu, ina jin hayaniyar kasuwarsu a bayansa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce, "Sadiƙu, kai su asibiti su biyu. A auna Inna Hajara ita ma."

Fitar da Hajaratu daga ɗaki shi ne aikin. Kunya ta rufe ta. Na aika matar maƙwabci, ta dawo ta ce tsohuwa na kuka, tana cewa ta kusa kashe ƙawarta da bakinta, ba ta da idon ganin mutane. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Hasiya ta yafa mayafi, ta fita ta ƙofar gidanta, ta kewaya ta lungu, ta yi sallama a ƙofar Hajaratu kamar baƙuwa. Shekara da shekaru taga ta ishe su. Ban bi ta ba, ban kuma san abin da suka ce wa juna ba. Na dai ga ta daɗe, kuma washegari da safe ga su su biyu a kan amalanken maƙwabci, kowacce ta juya fuska gefe, za mu asibitin garin.

Majo, wato shugabar ma'aikatan asibitin, wata mace ce mai suna Ummul Kulsum, ba ta da yawan magana. Na zazzage mata kwalaye a tebur, na ba ta labari tun daga akuyar shekarar fari har zuwa ɗakin da muka yi wa daɓe. Ta auna Hasiya, ta auna Hajaratu. Sa'an nan ta juyo gare ni.

"Ku gode Allah da kag gani kahin ku kai ta Tawa," ta ce. "Da an ba ta ukun ga cikakku rana ɗaya, jinin na iya hwaɗuwa ƙasa da yawa ta yanke jiki. Ba jikinta yaƙ ƙi magani ba. Rabi take sha, shi yas sa aka ta ƙarawa."

Mun share ɗaki don mu cece ta, ashe da mun kai ta cikinsa da hannunmu za mu kayar da ita.

Majo ta ce ba za ta taɓa abin da likitan Tawa ya rubuta ba sai da saninsa, ta kira shi a gabanmu. Ina jin dariyarsa daga inda nake zaune. Ya ce shi yana ta mamakin jinin tsohuwa guda, ashe tsofaffi biyu yake yi wa magani bai sani ba. Suka daidaita a tsakaninsu: a ajiye biyun da aka ƙara, a koma kan na farko amma cikakke, a riƙa auna ta a nan Kalfu duk mako a ga yadda jiki zai karɓa. Hajaratu ma jininta a sama yake, rabin ƙwayoyin ne suka ɗan danne shi, aka rubuta mata nata ordonansi da sunanta.

Sai majo ta ɗauko wani katin magani marar kwali, marar hoto, ta ajiye a gabana. Ta ce maganin farko ne wannan, aikinsu ɗaya, sai dai sunan maganin ne a jikinsa ba sunan kamfani ba, shi suke cewa jenerik, kuma akwai shi a nan ɗakin maganin asibitin. Ta ce ko farmasi na je in riƙa tambaya ko akwai irinsa, ba abin kunya ba ne, kuma duk ranar da magani ya fi ƙarfin aljihu likita ake fara gaya wa, ba 'yan tasha ba. Da ta faɗi kuɗin sai na sake tambaya, na ɗauka na mako take nufi. Na wata ne. Na su biyun a haɗe bai kama ƙafar kwali mai sheƙi shi kaɗai ba. Ban san lokacin da na yi ajiyar zuciya ba, har Hasiya ta waiwayo ta ce maigida ko kai ma a auna ka.

Saura tsofaffin. Majo ta jawo kujera ta zauna a gabansu, ta ɗaga ƙwaya guda.

"Inna, wagga ba goro ba ta. An auna ta daidai jikin mutum guda. In kin raba, ke ba ki samu ba, ita ba ta samu ba. Kowa da tata, ta haɗiye ta duka. Ko kun ga kamarsu ɗaya, kada wata ta ba wata."

Hasiya ta karɓi ƙwayar tana juya ta a tafin hannu. Na ga abin ya tsaya mata a rai da gaske.

"To, ɗiyata," ta ce, "mi za mu raba?"

Na ɗauka majo za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Da mi kuke haɗiye ta?"

"Ruwa."

"Ku raba ruwan."

Hajaratu ce ta fara murmushi, ta ja bakin mayafi ta rufe. A hanyar komawa gida fuskokinsu sun daina kallon gefe, har suna gulmar tuƙin mai amalanke.

Ba a rana ɗaya hankalinmu ya kwanta ba. Awon farko bai nuna wani abin kirki ba, mahaifiyata ta ce kada a taɓa ɗakin tukuna. A hankali jinin ya fara sauka, na Hasiya da na ƙawarta, kamar sun haɗa baki, har ranar da majo ta kwance abin awon ta ce haka ake so, a ci gaba. Na kira mahaifiyata daga bakin asibitin. Ta ce, "To, a bar ta gidanta." Kawu ya ce zai ci gaba da aiko kuɗin su biyun. Hasiya ta ce in gaya masa ya riƙe abinsa, ya tara na mota ya zo damina ya yi noma, cukun kasuwa guda ya ishe su maganin wata. Bana ya zo. Ya shiga gaida Inna Hajara, ya daɗe bai fito ba.

Akuyoyin da suka tsira daga motar Lahadi sun hayayyafa, rumfa ta sake cika. Ɗakin Tawa kuwa motona ke kwana a ciki, a kan sabon daɓe. Tun da a Kalfu ake samun maganin yanzu zuwana ya ragu, ta kuwa sa ni a bakin duniya, wai ta auri mijin da ba ya zuwa sai da kwali a hannu. Rowarta na nan ba abin da ya taɓa ta. Ran nan na nemi gutsuren cuku, ni da na sha rana saboda ita, ta ce in kawo kuɗi.

Kwanan baya na sake yin sammako, ba don komai ba, don in gani da idona. An cire tabarmar, taga na nan a buɗe. Ta zauna a gindin darni ta ɓallo ƙwayarta. Na ga hannunta ya nufi 'yar wuƙar goro da kansa, ya tsaya, ya dawo. Ta jefa ƙwayar a baki cikakkiya, ta ɗebo ruwa a moɗa ta kurɓa, ta leƙa ciki ta ga bai kai rabi ba, ta ƙara kurɓa kaɗan. Sa'an nan ta ɗaga moɗar.

"Ƙawa, ga naki."

Siririn hannun ya ɓullo ya karɓa. Muka ji ta haɗiye tata can bayan darni, moɗa ta dawo ba ko ɗigo. Hasiya ta kife ta a kan randa, ta tashi ta nufi turken akuyoyi.